Katifa Mai Tauri ko Mai Taushi: Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Ciwon Baya?

A Dosara da sauran garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, ciwon baya abu ne da kusan kowane gida ya sani. Manomin da ya yini a duƙe yana dashen shinkafa, da ɗan kabu-kabun da ke bin hanya mai gargada tun safe, da matar da ke daka da ɗebo ruwa ga goyo a baya, duk suna kwanciya da dare da fatan gari ya waye jiki ya saki. Wani ya tashi garau, wani kuma ya tashi ƙugu a sandare, sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Shawarar da aka fi ba irin wannan mutum ita ce ya bar katifa ya koma tabarma, ko ya nemi katifar da ta fi kowacce tauri a kasuwa. Masu sayar da katifa ma sun san da haka, shi ya sa da zarar mai saye ya ambaci ciwon baya sai a nuna masa wadda aka rubuta wa otofedik, mai tauri kamar katako, kuma mai tsada. Binciken da aka yi a kan wannan batu bai goyi bayan wannan shawara ba yadda ake zato. Tunda katifa kaya ce da ake saye da kuɗi masu yawa, a kuma yi shekaru ana kwana a kanta, ya dace mai saye ya san yadda take aiki kafin ya biya.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane kimanin miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a faɗin duniya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke hana mutane gudanar da ayyukansu na yau da kullum. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo, idan an duba su ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a ɗora wa laifi, kamar karaya ko ƙari ko ƙwayar cuta. Ciwon yana fitowa ne daga haɗuwar abubuwa: gajiyar tsoka, yanayin aiki, shekaru, ƙiba, ƙarancin motsa jiki, damuwa, da rashin isasshen barci.

A wurin da rayuwa ta dogara da ƙarfin jiki, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, ta sa noma a wannan yanki bai tsaya ga damina kawai ba. Ana gama girbin damina a shiga noman rani, don haka bayan manomi ba ya samun dogon hutu. Idan ciwo ya kwantar da shi mako biyu a lokacin dashe ko girbi, sai dai ya biya 'yan ƙwadago ko aikin ya lalace.

Abin da ke faruwa da ƙashin baya lokacin barci

Ƙashin baya ba sanda ba ce miƙaƙƙiya. Jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da ke ɗore a kan juna: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Idan aka dubi mutum daga gefe, jerin yana da lanƙwasa ta halitta, ya shiga ciki a wuya, ya fito waje a gadon baya, ya sake shiga ciki a ƙugu. Waɗannan biyar na ƙugu su ne ke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama, kuma a nan ne ciwo ya fi zama.

Tsakanin yawancin ƙasusuwan akwai wani faifai na guringuntsi mai ruwa-ruwa a tsakiya, wanda ke aiki kamar matashi. Da rana nauyin jiki yana matse shi ya rage ruwa, da dare kuma idan an kwanta sai ya sake tsotso ruwan ya cika. Dalilin ke nan da ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kan yadda yake da yamma. Haka kuma shi ya sa baya ke ɗan yin tauri da asuba, kuma duƙawa a ɗaga abu mai nauyi da zarar an tashi daga barci ya fi takura shi.

A lokacin barci tsokokin da ke riƙe da baya suna saki. Aikin riƙe jiki a daidai sai ya koma kan abin da aka kwanta a kai. Jikin mutum kuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne: kafaɗa da kwankwaso sun fi faɗi da nauyi, kwiɓi kuma ya shige ciki. Katifa mai kyau tana barin kafaɗa da kwankwaso su ɗan nutse, ta kuma cike gurbin da ke tsakaninsu, yadda ƙashin baya zai zauna kusa da siffar da yake da ita idan mutum yana tsaye a natse.

Idan katifa ta cika taushi, ko ta tsufa ta yi rami, kwankwaso ne ke faɗawa ciki fiye da sauran jiki, sai ƙugu ya lanƙwashe ya kwana a haka. Juyawa ma tana wuya a cikin rami. Idan kuma ta cika tauri, babu abin da ke nutsewa. Nauyin jiki duka yana komawa kan kafaɗa da kwankwaso, kwiɓi ya kwana a rataye babu abin da ya tare shi. Wuraren da aka danne suna yin tsami, hannu ya mutu, mutum ya yi ta juyi, barci ya yanyanke. Barci mara daɗi kuwa an daɗe da gano cewa yana ƙara wa mutum jin zafin ciwo washegari.

Tauri daban, tallafi daban

A nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Tauri shi ne abin da jiki ke ji a saman katifa da zarar an kwanta. Tallafi kuwa shi ne ƙarfin cikinta na hana sassa masu nauyi nutsewa fiye da kima har gari ya waye, yau da gobe. Katifa na iya zama mai laushi a sama amma cikinta da ƙarfi, kuma irin wannan ce ke yi wa mutane da yawa daɗi. Wata kuma tana da tauri ranar da aka sayo ta, amma bayan wata shida ta lotsa a tsakiya domin sosonta ba shi da inganci.

Masana'antu suna auna abubuwa biyu daban a jikin soso. Na farko shi ne dansiti, wato nauyin soso a cikin mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tudu. Idan aka ce soso mai dansiti 30 ne, ana nufin wannan dunƙule nasa ya kai kilo 30. Wannan adadi ya fi nuna yawan sinadarin da ke cikin soson da kuma tsawon lokacin da zai yi kafin ya gaji. Na biyu shi ne awon tauri: ana ɗora wani faranti a kan soson, na'ura ta danna shi har ya lotsa zuwa wani kaso na kaurinsa, sannan a karanta ƙarfin da aka yi amfani da shi. Soso biyu na iya zama dansitinsu ɗaya amma taurinsu ya bambanta, domin tauri ya danganta da yadda aka haɗa sinadaran.

Saboda haka, danna katifa da tafin hannu a shago ba ya nuna ko za ta daɗe. Yana nuna taurin samanta ne kawai a wannan rana.

Abin da bincike ya gano

Binciken da aka fi ambata a wannan fanni an yi shi ne a ƙasar Sifaniya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Francisco Kovacs, aka wallafa a mujallar likitanci ta The Lancet a 2003. An ɗauki mutane 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya wanda ba a danganta shi da wata cuta ba. Aka raba musu sababbin katifu ta hanyar ƙuri'a, wasu masu tauri sosai, wasu masu matsakaicin tauri, ba tare da an gaya musu wacce suka samu ba. An yi amfani da ma'aunin Turai da ke tashi daga 1, mafi tauri, zuwa 10, mafi taushi. Katifun rukuni na farko suna kan 2.3, na biyu kuma 5.6.

Bayan kwana 90, rukunonin biyu sun samu sauƙi, amma masu matsakaicin tauri sun fi. Yiwuwar su samu raguwar ciwo lokacin kwanciya da raguwar naƙasun aiki ta kai kusan ninki biyu a kan ta masu katifa mai tauri sosai.

A 2008 mujallar Spine ta wallafa wani gwaji daga ƙasar Denmak, inda aka gwada katifar ruwa, da katifar soso mai bin siffar jiki, da wata shimfiɗa mai tauri, na tsawon wata ɗaya. Biyun farko sun ɗan fi ta ukun, ko da yake tazarar ba ta da yawa. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje daban-daban, wanda ya fito a mujallar Sleep Health a 2015, shi ma ya karkata ga matsakaicin tauri, musamman wanda mai kwanciya zai iya daidaitawa da kansa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe game da waɗannan sakamako. Na ɗaya, sauƙin da katifa ke kawowa matsakaici ne. Tana rage ciwo ga wasu, ba ta warkar da shi. Na biyu, matsakaicin tauri ba abu ɗaya ba ne ga kowa. Katifar da mai kilo 55 zai ji ta da tauri, mai kilo 100 zai iya nutsewa a cikinta har ya taɓo katakon gado. Mai jiki yana bukatar soso mai kauri da ƙarfi, siriri kuma, musamman tsoho wanda ƙasusuwansa suka fito, yana bukatar ɗan laushi a sama.

Maganar tabarma

Wanda ya tashi tun yana yaro yana kwana a tabarma ko a gadon kara, kuma bayansa lafiya lau, babu dalilin da zai sa ya canza. Jiki yana sabawa. Haka nan akwai iyalai da dama a Maradun da Bakura da matsalar tsaro ta raba da gidajensu, waɗanda tabarmar ce kaɗai abin da ke hannunsu.

Abin tambaya shi ne me ya sa wasu ke cewa sun bar katifa sun koma ƙasa sun ji sauƙi. Sau da yawa katifar da suka bari ta riga ta mutu, ta yi kwari a tsakiya. Ƙasa a shimfiɗe take, don haka ta fi ramin. Wannan bai nuna cewa ƙasa ta fi katifa mai kyau ba. Mai kwana a tabarma da ke jin tsamin kafaɗa da kwankwaso zai iya ninka bargo biyu ko ya shimfiɗa siririn soso mai inci biyu zuwa uku, wanda zai rage dannewar ba tare da ya sa jiki nutsewa ba. A lokacin hunturu wannan yana kuma raba jiki da sanyin daɓe ko siminti. Ga tsofaffi da masu ciwon gwiwa kuma, tashi daga ƙasa shi kansa wahala ce, gado mai matsakaicin tsayi ya fi musu.

Ire-iren katifa da yadda kowacce ke aiki

Katifar auduga ko ta audugar rimi. Ita ce aka sani kafin zuwan soso. Ba ta riƙe zafi sosai, kuma ana iya kwance ta a sake ɗura ta. Matsalarta ita ce tana dunƙulewa, wani wuri ya yi tudu wani ya yi kwari, sai an riƙa shanya ta ana bugawa.

Katifar soso. Ita ta mamaye kasuwannin Arewa, kuma ita ake sa wa a kayan ɗakin amarya. Ana yin ta da sinadarin foliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus a 1937. A Nijeriya, kamfanin Vitafoam ya fara a 1962, shi kuma Mouka asalinsa daga Kano ne, inda iyalan Moukarim suka kafa masana'antar kayan ɗaki da gadajen ƙarfe a 1959 kafin a shiga harkar soso a Legas a 1972. Bayan waɗannan akwai kamfanoni da yawa manya da ƙanana, har da masu yanka soso su ɗinke a cikin kasuwa. Ingancin katifar soso ya dogara kacokan a kan dansiti da kauri.

Katifar otofedik. Kalmar tana nufin abin da ya shafi ƙashi, amma a jikin katifa sunan talla ne, ba shaidar likita ba. Da yawa daga cikinsu ana yin su ne da gutsattsarin soso da aka niƙa, aka haɗa da gam aka matse. Irin wannan yana da nauyi, yana daɗewa, ba ya saurin lotsawa, kuma yana taimakon masu jiki. Amma ga siririn mutum mai kwana a gefe, taurinsa na iya yin yawa. Wanda ya riga ya saya ya ji ta yi masa tauri ba sai ya sayar ba. Ɗora siririn soso mai laushi a kai yakan gyara ta.

Katifa mai sifirin. Akwai wadda sifirin ɗinta ke haɗe da juna da waya, wadda idan mutum ɗaya ya motsa ɗayan zai ji. Akwai kuma wadda kowane sifirin ke cikin aljihunsa na yadi, fasahar da James Marshall ya yi wa rajista a Kanada a wajejen 1900. Wannan ta biyun ta fi bin siffar jiki domin kowane sifirin yana lotsawa shi kaɗai. Iska tana ratsa cikinsu, don haka ba su cika zafi ba.

Katifar roba. Ana yin ta da ƙaron itacen roba da aka kaɗa ya yi kumfa, hanyar da kamfanin Dunlop ya ƙirƙiro a Ingila a 1929. Tana da danƙo, tana dawowa da sauri, tana kuma daɗewa, sai dai tana da nauyi da tsada.

Soso mai tuna siffar jiki. An fara samar da shi a Amurka a 1966 a wani aiki na hukumar NASA don inganta kujerun jiragen sama, kuma ya shiga kasuwar katifa a farkon shekarun 1990 da sunan Tempur. Ɗumin jiki ne ke sa shi laushi ya bi siffar mai kwanciya, shi ya sa yake rage dannewar kafaɗa da kwankwaso. Wannan hali nasa yana da muhimmanci a Zamfara. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana ƙara laushi kuma yana riƙe zafin jiki, a ɗakin da ba fanka ba na'urar sanyaya iska. Da sanyin hunturu kuma yana yin tauri.

Katifu masu na'ura. A ƙasashen waje akwai gadaje irin na Sleep Number, masu jakunkunan iska a ciki, inda kowane ɓangare ake ƙara masa tauri ko a rage ta manhajar waya. Akwai irin na Eight Sleep da ke zagaya ruwa don sanyaya ko ɗumama shimfiɗa, da tabarmin lantarki irin na Withings da ake sawa a ƙarƙashin katifa ya auna numfashi da bugun zuciya da motsi. Dabarar daidaita tauri da kai ta yi daidai da abin da bincike ya nuna, amma waɗannan kaya suna bukatar wuta tsayayya, wasu har da intanet, ga tsada. Na'urar auna barci kuma tana ba da rahoto ne, ba ta gyara kwanciya.

Yadda za a gane ko katifa ce ke da laifi

Alama ta farko ita ce lokacin ciwon. Idan ya fi tsanani da asuba, ya kuma lafa cikin minti 15 zuwa 30 bayan an tashi an motsa, akwai yiwuwar shimfiɗa na da hannu. Idan kuma da safe lafiya lau, sai da yamma bayan aikin gona yake tasowa, to aikin ne ya fi kusa. Alama ta biyu, idan mutum ya yi tafiya ya kwana a wani wuri ya ji ya fi samun sauƙi.

Ana iya gwada katifar kanta. A cire zanin gado, a ɗora miƙaƙƙen katako ko sanda a gicciye, a duba tazarar da ke tsakaninsa da wurin da ake kwanciya. Kamfanoni da dama a ƙasashen waje suna ɗaukar lotsawar inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi a matsayin lalacewa. Wayar hannu ma na da amfani a nan: mutum ya kwanta a gefensa, wani na gida ya ɗauki hotonsa daga baya, kyamara tana daidai da tsayin katifa. Idan layin daga wuya zuwa ƙugu ya miƙe, katifar na aikinta. Idan ya lotsa a kwankwaso, ta yi taushi. Idan kafaɗa da kwankwaso sun tsaya a sama kwiɓi ya faɗa, ta yi tauri.

Kafin a zargi katifa, a leƙa ƙarƙashinta. Tsohon gadon ƙarfe mai ragar waya yana saki ya zama kamar lilo, kuma duk katifar da aka ɗora a kai za ta bi shi. Haka ma gadon katako da aka ba allunansa tazara mai faɗi, ko ɗaya ya karye. Shimfiɗa falankin katako a ƙasa, ko ƙara alluna yadda tazararsu ba za ta wuce inci uku ba, aiki ne da kafinta zai yi da kuɗi kaɗan.

Abin lura a wurin saye

1. A tambayi dansiti, kada a tsaya ga suna ko kyawun yadi. Soson da bai kai 20 ba mara nauyi ne, yana saurin lotsawa a ƙarƙashin babban mutum. Wanda ya kusa 30 ko ya wuce ya fi daɗewa.

2. Idan ana shakka, a auna ta a sikeli. Katifa mai ƙafa shida tsawo, huɗu da rabi faɗi, inci takwas kauri, girmanta ya kai kimanin rabin wancan dunƙule na mita. Idan dansitinta 30 ne, soson zai yi kusan kilo 15. Idan 18 ne, kusan kilo 9. Sai dai wasu masu haɗa soso suna zuba garin alli don ƙara nauyi, don haka nauyi shi kaɗai bai isa shaida ba.

3. A duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, da lakabin kamfani, a kuma karɓi rasit da takardar garanti. Ana kwaikwayon yadi da sunan manyan kamfanoni, shi ya sa saye a wurin dila da aka sani ya fi aminci, ko a Talata Mafara ne, ko Gusau, ko Sakkwato.

4. A kwanta a kai idan mai shago ya yarda, a irin kwanciyar da aka saba, na kamar minti goma. Mai kwana rigingine ya zura hannu a ƙarƙashin ƙugunsa. Idan hannun ya shige babu abin da ya taɓa, ta yi tauri. Idan ya kasa shiga sam, kuma juyawa na wuya, ta yi taushi.

5. A yi la'akari da masu kwana a kai. Iyayen amarya sukan zaɓi katifa mai tudu don ta cika ido, amma inci goma sha biyu na soso mara nauyi bai kai inci takwas na mai inganci ba.

6. A yi hattara da katifar hannu. Bayan gajiyar soso da ba a gani daga waje, tana iya zuwa da kuɗin cizo.

Sabuwar katifa na iya ɗaukar makonni kaɗan kafin jiki ya saba da ita. A riƙa juya kai zuwa ƙafa duk bayan wata uku, a kuma kifa ta idan mai fuska biyu ce. A nisanta ta da kaskon wuta da maganin sauro na hayaƙi, domin soso yana kamawa da sauri kuma hayaƙinsa guba ne. Jariri kuwa ba a kwantar da shi a kan soso mai laushi da ke nutsewa, shimfiɗa mai ƙarfi a miƙe ce ta dace da shi.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Matashi ɗaya na iya yin abin da ake nema a sabuwar katifa. Mai kwana a gefe ya ɗan lanƙwasa gwiwoyi ya sa matashi a tsakaninsu, don kada ƙafar sama ta ja kwankwaso ta murɗe ƙugu. Mai kwana rigingine ya sa shi a ƙarƙashin gwiwoyi. Kwanciya rub da ciki ita ta fi takura ƙugu da wuya, wanda ya kasa barinta ya sa siririn matashi a ƙarƙashin mara. Matashin kai kuma ya cike tsakanin wuya da katifa kawai, kada ya ɗaga kai sama. Wajen tashi, a juya gefe, a sauke ƙafafu ƙasa, a tura jiki da hannu, maimakon a zabura a miƙe.

Likitoci a yau ba sa ba mai ciwon baya shawarar ya kwanta kwana da kwanaki. Tafiya a ƙasa da ci gaba da aiki daidai ƙarfi sun fi saurin kawo sauƙi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamba 2023 a kan daɗaɗɗen ciwon baya ta fi ba da ƙarfi ga ilimantar da mara lafiya, motsa jiki da gashin ƙashi, kuma ta yi gargaɗi a kan amfani da ƙwayoyi masu sa maye. Wannan ya shafi tiramadol da ake sha don a jure aiki. Su ma magungunan rage raɗaɗi irin su diklofenak da ibufurofen, shan su kullum ba tare da likita ba yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda.

Lokacin da ba maganar katifa ba ce

Akwai ciwon bayan da ke bukatar asibiti cikin gaggawa: idan ƙafa ta yi rauni ko tana ja, idan tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙi fita ko suke zuba ba a sani ba. Haka idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko bishiya. Ciwon da ke tare da zazzaɓi, rama da zufar dare na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, wanda ke warkewa da magani idan an gano shi da wuri, ya kuma bar mutum da doro ko shanyewar ƙafafu idan aka yi jinkiri. Ciwo a kwiɓi tare da zafin fitsari ko jini a fitsari yana nuni ga ƙoda ko tsargiya, wadda ke kama masu yawan shiga ruwan fadama da magudanan ban ruwa. Masu sikila da mata masu juna biyu su ma ba a yi musu hukuncin katifa.

Ciwon da ya wuce mako shida bai sauka ba ya cancanci a duba shi. Ana iya farawa daga asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Talata Mafara, daga nan a tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano idan bukatar hakan ta taso.

Ga mafi yawan masu ciwon ƙugu na yau da kullum, tsarin da ya fi sauƙi a aljihu shi ne a fara da gyara gado da matashi, a auna lotsawar katifar da ake da ita, sannan in ta tabbata ta mutu, a nemi mai matsakaicin tauri da soso mai nauyi, daidai da jikin wanda zai kwana a kai.